Amsa kan kuɗin mukafa'a: lissafinsa, harajinsa da yadda za a kai shi gida

(An rubuto muryar ne saboda waɗanda ke wurin aiki ba su samu damar saurare ba.)

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, mutanen Jidda, Makka, Madina da Riyad, barkanmu da war haka. Na saurari muryar Alhajin da ya ce shekararsa 9 a sharika ɗaya, wato kamfani, a Saudiyya, yana son ya ajiye aiki ya koma gida, yana tambaya nawa ne haƙƙinsa na mukafa'a, wato kuɗin sallamar aiki, ko za a cire masa haraji, kuma me ya kamata ya yi da kuɗin. To Alhaji, kafin komai, don Allah kada ka rubuta istiƙala, wato takardar ajiye aiki, a makon nan. Tsaya ka ji lissafin tukuna.

Farko dai, agogo ko takardar yabon da sharika ke bayarwa a biki idan mutum ya daɗe, wannan kyauta ce, an ga dama aka ba ka. Mukafa'ar ƙarshen aiki kuwa haƙƙi ce, tana cikin dokar ƙwadago ta Saudiyya, sashe na 84. Shekara 5 na farko, kowace shekara rabin albashin wata. Daga shekara ta 6, kowace shekara albashin wata guda cur. Da albashinka na ƙarshe ake lissafi, ba wanda aka ɗauke ka da shi ba, kuma watannin da ba su cika shekara ba ana ba ka gwargwadonsu.

A nan ake fara cutar mutane. Albashin da doka ke nufi ya haɗa da alawus ɗin da ake ba ka duk wata, irin kuɗin gida da kuɗin mota. Mu ce asalin albashinka riyal 3,000, kuɗin gida 750, kuɗin mota 250, ka ga 4,000 ke nan. Wanda ya yi shekara 12 a kan haka, na farkon nan 5 sau 2,000, ya ba da 10,000, sauran 7 sau 4,000, ya ba da 28,000, jimla 38,000. Idan akawu ya yi maka da 3,000 kaɗai, 28,500 zai rubuta. Riyal 9,500 sun tafi a layi ɗaya, kai kuma ka sa hannu kana godiya.

Yanzu ga maganarka, Alhaji. Sashe na 85 ya ce idan kai ne ka ajiye aiki da kanka, ƙasa da shekara 2 ba ka da komai. Daga 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku. Sama da 5 amma ba ta kai 10 ba, kashi biyu cikin uku. Sai ka cika 10 za ka karɓa duka. A albashin 4,000 ɗin nan, shekara 9 tana ba da 26,000, amma da istiƙala 17,333 za ka gani. Ka daure ka cika 10, ka tashi da 30,000, ban da albashin shekarar da ka ci. Wallahi abin yana min ciwo in ji mutum ya fita saura wata huɗu ko biyar ya cika goma, don kawai ya yi fushi da wani mudiri, wato manaja.

Akwai kuma wata ƙofa. Mu baƙi aƙadinmu, wato kwantiragin aikinmu, mai wa'adi ne. Idan ka bari wa'adin ya ƙare, ka sanar a rubuce a kan lokaci cewa ba ka son sabuntawa, wannan ƙarewar aƙadi ce, kuma mukafa'arka cikakkiya ce. Saboda haka buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago da ake ajiye aƙadi a kai, ka duba ranar da aƙadinka zai ƙare da kwanakin sanarwa da aka rubuta a ciki. Mace da ta bar aiki cikin wata 6 da aurenta ko wata 3 da haihuwa ita ma duka take karɓa. Wanda aka kora ƙarƙashin sashe na 80, kamar fashin aiki ba uzuri ko cin amana, shi ba shi da komai. Direbobin gida da masu aikin gida kuwa tsarinsu daban ne, albashin wata guda ne idan an yi shekara 4 a jere wurin kafili ɗaya, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zamanka.

Takardar mukalasa, wadda ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka, kada ka sa mata hannu sai kuɗi sun faɗa asusunka ka gan su da idonka. Za a ce maka sa hannu kawai, gobe za a tura. A'a. Doka ta ba sharika mako ɗaya ta biya ka, mako biyu idan kai ka ajiye. Ka tabbata an saka kuɗin hutun da ba ka ci ba, an ba ka takardar shaidar aiki. Idan an ƙi, ka shigar da ƙorafi a ma'aikatar ƙwadago, a fara da sulhu, in bai yiwu ba a wuce kotun ma'aikata. Wata 12 ne wa'adin ƙara daga ranar da aiki ya ƙare, kuma bin haƙƙi kana Kano ko Maraɗi ya fi wuya nesa ba kusa ba, don haka kada a buga maka kuruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, kafin a gama. Masu naƙalin kafala, wato masu komawa wata sharika, su ma su karɓi nasu wurin tsohuwar sharika kafin su tashi.

Haraji kuwa, Saudiyya ba ta cire harajin kuɗin shiga a albashin ma'aikaci, haka ma mukafa'a. Duk wanda ya ce ya cire maka haraji a ciki, ka ce ya nuna maka a rubuce. Abin da ke cin kuɗin shi ne bashin banki: in kana da lamuni ko katin bashi, bankin da albashinka ke shiga zai iya riƙe mukafa'ar har ya cire nasa. Sai harajin saye na kashi 15 cikin 100 da ke kan kaya tun 2020, wanda za ka biya a duk tsarabar da ka jida. Zakka kuma, abin da malamai da yawa suka tafi a kai shi ne ba ta hau kuɗin ba tun suna hannun sharika, sai ka karɓa, sun kai nisabi, shekara ta zagayo, sannan ka fitar da 2.5 cikin 100.

Wajen kai su gida, ka bi banki ko kamfanin tura kuɗi mai lasisi, ka ajiye rasit tare da takardar lissafin sharika, domin ita ce shaidar inda kuɗin suka fito idan banki a gida ya tambaya. Ka tura tun iƙamarka, wato katin izinin zamanka, na da rai, don asusu kan daskare idan ta mutu. Mai shiga Najeriya da abin da ya haura dala 10,000 a hannu dole ya bayyana wa kwastam. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, ba ya rawa, naira kuwa kun san halinta, shi ya sa nake ganin kada a canza duka rana ɗaya sai abin da za a yi da su ya tsaya.

Shawarata, a fara da bashi, a ware abincin gida na wata 6 aƙalla, domin ranar da ka sauka albashi ya tsaya amma baki bai tsaya ba. Kuɗin tsaraba ka yanke musu adadi tun kana nan, dabino da zamzam da jallabiya ba sa ƙarewa. Fili kuma kada ka saya ta waya, ka je ka taka shi, ka ga takardunsa. Sana'ar da ba ka sani ba kada ka zuba mata fiye da abin da za ka iya jure asararsa.

Alhaji, ka duba ranar fara aikinka da ranar ƙarewar aƙadi, ka turo su a zaure ba tare da lambar iƙama ba, sai a yi maka lissafin. Wassalamu alaikum.