Amsa ga mai son sayen Rickenbacker 366/12 don ta yi masa aikin jita biyu

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin tsohuwar jita Rickenbacker 366/12, kana so ka riƙa juya ta daga tsirkiya 12 zuwa 6 a tsakiyar wasa don ka huta da ɗaukar jita biyu. Wallahi na san wannan kwaɗayin, na kuma san ciwon da ke bin bayansa. In za ka saya, saye ta a matsayin mai tsirkiya 12 kawai.

Matajin ƙarfen nan mai juya jitar daga 12 zuwa 6, wanda kamfanin ya fara sa wa samfuran 336/12 da 366/12 da 456/12 a 1966, ba cire tsirkiyoyi shida yake yi ba. Kamo su yake da haƙoransa, in ka ja hannun ya danne su ƙasa kan ƙarafunan wuya, wato firet. Suna nan kwance ƙarƙashin yatsunka. Ka tura tsirkiyar G sama, sai ta hau kan 'yar'uwarta da ke kwance, ka ji ƙarar-ƙarar a lasifika. Kuma dannewar nan miƙa su take, da ka saki sai saiti ya gudu, ga jama'a na jira kana murɗa kunnuwa 12. Faɗin wuyan wajen kai bai wuce milimita 41 ba, shidan da suka rage ma ba su zauna a tazarar da hannu ya saba ba.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu gyaran da ba su san wuyan nan ba. Rodi biyu ne a ciki, kuma na kafin 1984 ba a ɗaure su don su miƙar da wuya. Riƙewa kawai suke. Mutum ya ga wuya ya lanƙwashe, ya ɗauko sifana ya yi ta murɗa noti, sai ka ji ƙas, katakon da yatsu ke dannawa ya rabu da wuya daga wajen kai. Jitar da ta haura shekara 50 lafiya lau, a kashe ta cikin minti ɗaya, sannan a ce maka ai dama tsohuwa ce! Kar ka bar kowa ya taɓa sai ya faɗa maka yadda zai yi: a sassauta tsirkiyoyi, a sassauta notin biyu, wani ya danne jikin jitar kan tebur, a tura wuyan baya da hannu har ya miƙe, sannan a matse notin daidai su riƙe shi a wurin. Kafin ka biya, buɗe murfin kai ka duba. In notin sun karkace suna cin katako, ko ka ga siririn tsagi a gefen wuya, an riga an yi ɓarnar.

Duba ƙarfen R da ke riƙe gindin tsirkiyoyi ma, yakan tsage da tsufa. Canza tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, in ka kwance duka zai faɗo ya karce fenti. Sa tsirkiyoyi masu laushi, waɗanda kaurinsu ya fara daga inci .010, ka sauke saiti rabin mataki wuyan ya samu sauƙi. Jakin asali, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, mazauni shida ne, kowanne ɗauke da tsirkiya biyu, shi ya sa sauti ke kaucewa in ka haura firet na bakwai. Akwai mai mazauni 12, sa shi ka adana na asalin.

In a Kano ko Zinder za ta zauna, hunturu ma abokin gaba ne. Ajiye ta a akwatinta da jiƙaƙƙen soso cikin roba mai huji, kar ya taɓa katako. Matajin kuma bar shi a sake, kar ka cire, ramukan sukurori za su rage mata daraja. Na wasan yau da kullum, nemi mai tsirkiya shida mai araha ka rataya kusa.