Shin ƙasar kakanninsu 'yan Meksiko ke komawa idan sun ƙetara Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kullum muna jin ana kama 'yan Meksiko a iyakar Amurka ana mayar da su. Wani abokina ya ce ai ƙasar kakanninsu suke komawa, domin ƙwace musu aka yi. Gaskiya ne? Kuma me ya hana su zaman gida?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar abokinka tana da tushe. Bayan yaƙin da aka gwabza daga 1846 zuwa 1848, Meksiko ta sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, ta sallama kusan rabin ƙasarta. Kalifoniya da Nebada da Yuta duk a nan suka tafi, ta kuma haƙura da Tekzas wadda ta ɓalle tun 1836. Amurka ta biya dala miliyan 15. Shi ya sa har gobe sunayen garuruwa irin su Los Angeles da San Antonio na Sifaniyanci ne. Sai dai mazauna yankunan a lokacin ba su da yawa, kuma jihohin da suka fi tura mutane arewa, wato Michoacán da Jalisco da Guanajuato da Zacatecas, suna can nesa da iyaka. Abin da ya fitar da mutanensu ci-rani ne, irin wanda muka sani, kuma daga gona ya samo asali.

A mulkin shugaban Meksiko Porfirio Díaz, wanda ya shafe kimanin shekara 30 har zuwa 1911, ƙasar noma ta tattaru a hannun 'yan tsirarun masu manyan gandaye. Talaka ya koma ɗan ƙwadago a gonar da dā ta ƙauyensu ce, bashi ya ɗaure shi. A zamanin ne kuma, a 1884, layin dogo ya haɗa babban birnin ƙasar da iyakar Tekzas, hanya ta buɗe. Juyin juya halin 1910, wanda Emiliano Zapata ya shiga don a mayar wa manoma gonakinsu, ya haifar da tsarin mulkin 1917 da abin da suke kira ejido: gonar gari, a noma a gada, amma ba a sayarwa. Shugaba Lázaro Cárdenas ya raba kusan hekta miliyan 18 tsakanin 1934 da 1940. Abin a yaba ne, amma 'ya'ya suna ƙaruwa, gona tana nan yadda take.

A nan ne mutane ke manta rawar da Amurka ta taka. Ita ce ta yi gayya. Da ta shiga yaƙin duniya na biyu ta rasa masu aikin gona, sai ƙasashen biyu suka ƙulla shirin Bracero a 1942, wanda kafin a rufe shi a 1964 an ba da kwantiragi kusan miliyan 4.6. Shekara goma kacal kafin a ƙulla shirin, da tattalin arziki ya karye, an kori dubun dubatar 'yan Meksiko daga Amurka, har da waɗanda aka haifa a can. In ana bukatar hannu a buɗe ƙofa, in kasuwa ta faɗi a nuna musu hanya. Da aka rufe shirin, masu gonaki ba su daina nema ba, mutanen ƙauye kuma sun riga sun san hanya, sai aka ci gaba ba takarda.

Guguwa mafi girma ta zo bayan 1994. A 1992 Shugaba Carlos Salinas ya halatta sayar da gonakin ejido. Ranar 1 ga Janairun 1994 yarjejeniyar ciniki ta NAFTA, tsakanin Amurka da Meksiko da Kanada, ta fara aiki, masarar Amurka mai tallafin gwamnati ta riƙa kwarara, alhali masara ita ce tuwon Meksiko, ita ce kuma sana'ar ƙaramin manomi. A ranar ne 'yan asalin jihar Chiapas suka ɗauki makami, a watan Disamba kuma kuɗin ƙasar ya faɗi warwas. Amurka ta tsaurara tsaron iyaka, abin ya juye mata: wanda dā yake zuwa ya dawo gida bayan girbi ya ga ƙetarawa ta yi tsada da haɗari, sai ya zauna ya aika a kawo masa iyali. Zuwa 2007 'yan Meksiko marasa takarda sun kusa miliyan 7.

Daga nan adadin ya riƙa raguwa, domin a Meksiko macen da a shekarun 1960 take haihuwar shida ko fiye, yau jikarta ba ta kai biyu ba a matsakaici. Kuɗin da ake aikowa gida kuwa ya haura dala biliyan 63 a 2023. Kuma da yawan waɗanda kake gani a labarai ba 'yan ƙasar ba ne. Daga Gwatamala da Honduras da Benezuwela da Haiti suke, har da 'yan Afirka ta Yamma, suna shigowa ta garin Tapachula a kudu. Meksiko ta zama mai gadin ƙofar Amurka: a Fabrairun 2025 Shugaba Claudia Sheinbaum ta tura dakaru dubu 10 iyakar arewa, domin Donald Trump ya jinkirta harajin da ya yi barazanar ɗora wa kayan ƙasarta.