Filin Tambaya da Amsa: Sunan Rufaida daga ina ya fito, kuma da gaske babu masu shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah taimako nake nema akan maganar suna. Ina da ciki wata bakwai kuma hoton da aka yi ya nuna mace ce in sha Allah, ni kuma tun ina budurwa nake son sunan Rufaida, maigidana ma bai ƙi ba, amma yayarsa tace ita bata taɓa jinsa ba kuma wai yayi mata kama da kalmar Rafida ɗin nan da ake jifan mutane da ita, tace kar mu ɗora wa yarinya abinda za'a dinga tsokanarta dashi. Sai na shiga intanet na duba, wani shafi ya nuna min sunan baya cikin sunaye 1000 na farko, har da wani zane wai kaso kaza na masu sunan farar fata ne kaso kaza 'yan Asiya, wallahi duk sai jikina yayi sanyi. Menene asalin sunan, su waye suke sa shi, kuma rashin yawan masu shi matsala ne?

Daga ƙanwarki mai jiran haihuwa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya ya kawo mai albarka. Kwantar da hankalinki, sunan da kika zaɓa suna ne mai kyau mai asali, kuma akwai sahabiya a bayansa, ba ƙirƙirarsa aka yi jiya ba.

Bari in fara da maganar yayar maigidanki tunda ita ce ta fi tsaya miki a rai, kuma kar ki ji haushinta, kunne ne ya ruɗe ta, in an rubuta kalmomin biyu da boko suna kama da juna sosai. Amma a Larabci ko hanya basu haɗa ba. Rufaida da dal ake rubuta ta, tushenta ra, fa, dal. Waccan kalmar kuwa da lodi take ƙarewa, harafin nan da bakinmu ya saba mayarwa "l" kamar a alwala da farilla da lamiri, kuma ma'anarta ƙin abu ko watsi da shi. A tushensu harafi ɗaya ne ya raba su amma ya raba su har abada, duk wanda yayi karatun allo in kika rubuta masa su biyun a take zai gani.

Tushen Rufaida kuwa shine rifdu, wato kyauta, tallafi, agajin da ake kai wa wanda yake cikin buƙata. Daga nan aka samu rifada, aikin ciyar da mahajjata da Ƙuraishawa suke yi a Makka tun kafin zuwan Musulunci, wanda Hashim mahaifin Abdul Muɗɗalib kakan Manzon Allah (SAW) ya riƙe yayi suna a kai. Daga nan ne kuma Larabawa suke kiran Iraƙi da Biladur Rafidaini saboda koguna biyun nan Dijla da Furat da suke shayar da ƙasar. Wani zai iya ce miki ai kalmar ta zo a Alƙur'ani a wurin zargi, gaskiya ne ta zo a suratu Hud aya ta 99 akan Fir'auna da mutanensa, amma abinda ayar take cewa shine tir da irin kyautar da aka basu wato la'ana, zargin yana kan abinda suka samu ne, ita kalmar kyauta ce ma'anarta.

Siffar sunan kuma irin wadda malaman nahawu suke kira tasgiri ce, a ƙanƙanta kalma saboda so da tausasawa, kamar kice 'yar kyauta ko 'yar agaji. Kuma kin san 'yan uwanta sarai ko baki lura ba: Nusaiba, Umaima, Sukaina, Zubaida, duk awo ɗaya aka yi musu. Zubaida matar Haruna Rashid ma laƙabi ne kakanta halifa Mansur ya sa mata tana ƙarama, daga kalmar zubda wato man shanu. To duk bakin da ya iya faɗin Zubaida bazai gagara faɗin Rufaida ba.

Yanzu ita mai sunan. Rufaida al-Aslamiyya mace ce daga ƙabilar Aslam da ta rayu a Madina zamanin Annabi (SAW), tana da tanti a masallacinsa inda take jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma Ibn Ishaƙ mai littafin Sira ya siffanta ta da cewa ta sadaukar da kanta ne don neman lada wajen hidimar musulmin da basu da mai kula dasu. Inda sunanta yafi fitowa shine yaƙin gwalalo a shekara ta 5 bayan hijira, wato 627 miladiyya. A ranar ne kibiya ta sami Sa'ad ɗan Mu'azu shugaban ƙabilar Aus ta Madina a jijiyar hannu, jini yaƙi tsayawa, sai Manzon Allah (SAW) yace a kai shi tantin Rufaida domin ya dinga duba shi daga kusa. Ki tsaya ki auna wannan, Sa'ad ba ƙaramin mutum bane, shine wanda hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim yace Al'arshi ya girgiza saboda mutuwarsa, amma da aka tashi neman hannun da za'a damƙa shi, hannun wannan baiwar Allah aka zaɓa. Ni duk sanda na karanta wurin nan sai naji ƙaunarta ta ƙaru a raina, domin shaida ce babba akan amanarta da iya aikinta.

Ibn Sa'ad a littafinsa na Ɗabaƙat ya kawo irin wannan labarin na tanti da jinyar Sa'ad amma ya kira matar da suna Ku'aiba 'yar Sa'ad al-Aslamiyya, shi yasa zaki ga wasu malamai suna cewa mace ɗaya ce mai suna biyu wasu kuma suce mata biyu ne. Wannan baya rage wa sunan komai.

Abu ɗaya dai nake so ki kiyaye, abinda littattafan farko suka kawo a kanta ɗan kaɗan ne, amma a intanet an yi ta ƙari ana ƙawata labarin. Misali zaki ga an rubuta wai an haife ta a shekarar 620, to in haka ne kenan tana 'yar shekara 7 aka bata jinyar shugaban ƙabila guda a yaƙin gwalalo, kinga lissafin bai hau ba. In ɗiyarki ta girma ta tambaye ki labarin mai sunanta, ki bata ɗan abinda ya tabbata, ya isa abin alfahari. Saboda shi ne ma ake kiranta nas ta farko a tarihin Musulunci, sama da shekara 1200 kafin Florence Nightingale, fitacciyar nas ɗin nan ta Ingila, taje jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya a 1854, kuma makarantar koyon aikin jinya ta jami'ar Aga Khan da ke Karachi a Pakistan ta sa wa gininta sunan Rufaida.

Toh sai maganar shafin da ya sanyaya miki jiki, nan ne nake so mu ɗan daɗe domin mutane da yawa suna faɗawa wannan ramin.

Galibin shafukan nan na sunayen jarirai lissafin Amurka suke ɗauka su baza miki kamar na duniya ne. Jerin sunaye 1000 ɗin da kika gani na hukumar Social Security ce ta Amurka, wadda take da bayanan sunayen jarirai tun daga 1880, kuma ko a babban kundinta duk sunan da bai kai yara 5 a shekara ba bata fitar dashi saboda kare sirrin mutane. Ofishin ƙididdiga na Ingila da Wales shima sai suna ya kai yara 3 yake bayyana shi. Kenan in shafi yace miki babu Rufaida, abinda yake nufi kawai shine ba'a cika sa shi a Amurka ba, wanda ba abin mamaki bane tunda musulmi 'yan tsiraru ne a can.

Sannan ga matsalar rubutu. Su waɗannan hukumomi kowane salon rubutu suna ne daban a wurinsu, Rufaida daban, Rufaidah daban, Rufayda daban, Rofaida da Misirawa suka fi rubutawa daban, Roufaida irin rubutun ƙasashen da suka yi boko da Faransanci shima daban, suna ɗaya a Larabci amma an yayyanka shi gida biyar ko fi, kowane yanki ya zama ɗan mitsitsi. Sunan Annabi ma haka ya faru dashi a Ingila, shekaru da yawa ana raba shi tsakanin Muhammad da Mohammed da Mohammad, sai a 2023 ne rubutun Muhammad shi kaɗai ya hau na ɗaya a sunayen yara maza a Ingila da Wales, ya wuce Noah. In babban suna irin wannan rabuwar rubutu ta iya ɓoye girmansa, ina ga Rufaida.

Shi kuma zanen farar fata da 'yan Asiya, kar ya ɗaga miki hankali ko kaɗan, rabe-raben gwamnatin Amurka ne. A tsarinsu na ƙidaya shekara da shekaru Balarabe ɗan Masar ko Lebanon ko Maroko a layin farar fata ake sa shi, sai a watan Maris na 2024 ne suka amince a buɗe wa mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka nasu layin, ɗan Pakistan da ɗan Indiya da ɗan Bangladesh kuma a layin 'yan Asiya suke. To kinga fararen da 'yan Asiyan da aka zana miki mafi yawa musulmi ne 'yan uwanki, suna ne na gidajen musulmi, zaki same shi a ƙasashen Larabawa da kudancin Asiya da Malesiya da Indonesiya da Afirka, kawai dai bai kai Fatima da A'isha da Maryam yawa ba a ko'ina.

Kuma ma babu wanda zai iya ƙirga miki masu wani suna a duk duniya, duk wanda ya baki adadi kintace yayi. A rahoton UNICEF na 2019 yara miliyan 166 'yan ƙasa da shekara 5, wato kusan ɗaya cikin huɗu, ko rajistar haihuwa ba'a yi musu ba, ƙasashe da yawa kuma da suke rajistar basa wallafa jerin sunaye.

Shin ƙarancin masu suna aibu ne? A addini dai a'a. Abinda aka kula dashi shine ma'ana, shi yasa Annabi (SAW) ya canza sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga wanda yake nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila, ya kuma canza Barra zuwa Zainab saboda akwai yabon kai a ciki, ba'a taɓa canza wa wani suna don ba'a saba jinsa ba. Yawa da ƙaranci kuma abu ne mai juyawa kamar yayin atamfa. Dubi Aaliyah, shima daga Larabci yake, babu shi a jerin 1000 na Amurka sai 1994 da mawaƙiyar nan mai sunan ta fito, zuwa 2001 shekarar da ta rasu ya shiga cikin 100 na farko. Don haka ni bana ba kowa shawara ya zaɓi suna don yana da wuya ko ya guje shi don yana da wuya, in don ki bambanta ne kika sa, shekara goma masu zuwa zaki iya tarar da su uku a ajinta, in kuma don ma'anarsa da mai sunan kika sa to ko su ɗari ne babu abinda ya ragu.

Abinda zai iya baku 'yar wahala na gaskiya ba tsokana bane, rubutu ne. Ku zauna ke da maigidanki ku tsayar da salo ɗaya tun kafin a cike takardar haihuwa, in Rufaida ne to Rufaida a katin asibiti da makaranta da fasfo da komai, kar wani ya ƙara "h" a ƙarshe wani ya cire, domin harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin takardu yana iya jawo zirga-zirgar gyara in ta girma. Ni na fi son Rufaida haka ba ƙari, yafi sauƙin karantawa ga kowa. Ki kuma shirya za'a dinga ruɗa shi da Ruwaida, wanda shima suna ne mai kyau amma daban yake, daga ruwaidan ne wato sannu-sannu, kalmar da ta rufe suratu Ɗariƙ, in an kira ta da shi sai ki gyara cikin murmushi, mutane basa daɗewa suke sabawa.

Ita kuma yayar maigidanki kar ki tunkare ta da gardama ko ki tura mata dogon rubutu a WhatsApp, bari ɗan uwanta ya zauna da ita ya bata labarin tantin nan na masallacin Madina da jinyar Sa'ad ɗan Mu'azu, in da hali ya rubuta mata kalmomin biyu da Larabci ta gani da idonta. Tsoro take ji wa yarinyar, kuma wanda yake jin tsoro saboda ƙauna baya wuyar lallashi in aka girmama shi. In kin sauka ki rubuto mana mu taya ku murna, Allah ya sauke ki lafiya.