Tambaya da amsa: tsofaffin gidajen Balad, wato tsohon garin Jidda, a shafa musu siminti ko a'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam injiniya. Ni a Jidda aka haife ni, iyayena mutanen Katsina ne. Bayan an rushe unguwarmu ta Sabil sai muka kama haya a wani tsohon gida wajen Bab Sharif, kuma kullum ta layin Alawi nake bi in tafi aiki. Dan Allah da gaske ne gidajen nan sun kai shekara 500 kamar yadda ake faɗa? Kuma wannan katakon da ke jikin tagoginsu ado ne kawai? Sannan bangon ɗakinmu daga ƙasa yana kumbura yana zubar da gari, wani maƙwabci yace mu sayi siminti mu shafe, ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a sabon mazauni. Bari in fara da ta ƙarshen domin ita ce mai gaggawa, dan Allah kar ku shafa siminti a bangon nan, ko buhu ɗaya. Zan faɗa maka dalili, amma sai ka san da me aka gina gidan tukuna zaka gane maganar.

Dutsen da aka yi gidajen Balad da shi mutanen Jidda suna ce masa hajar mangabi, dutsen teku ne, murjani da ɓawon halittun ruwa da suka daskare suka zama dutse, ana haƙo shi a bakin teku musamman wajen tafkin Arba'in da ke arewa da tsohon gari. In ka samu inda shafen ya ɓare ka duba da kyau zaka ganshi huji-huji kamar soso, har ƙananan katantanwa zaka gani a ciki. Bashi da nauyi sosai, baya ɗaukar zafi kamar bulo, amma kuma yana da laushi kuma yana shan ruwa. Laka ta ƙasan tafkin suke haɗa duwatsun da ita, sai a rufe duka da nura, wato farar ƙasa da aka gasa aka jiƙa aka kwaɓa da yashi. Toh ƙasan Jidda ruwan gishiri ne a kusa, bangon yana tsotso shi daga tushe yana hawa da shi sama, ita nura tana barin danshin ya fita iska ta busar da shi, gishirin ya tsaya a jikin shafen, shafen ya kumbura ya zube. Wannan garin da kake sharewa kenan. Aikin shafen kenan dama, shi ya lalace dutsen ya tsira, lokaci-lokaci a kankare a sake sabo, kamar yadda a gida ake yi wa soro yaɓe kafin damina.

In ka sa siminti ka toshe ƙofar fitar ruwan. Daga waje zaka ga bango sumul ka ji daɗi shekara ɗaya ko biyu, amma danshin yana nan a ciki, zai haura sama da inda simintin ya tsaya, gishirin kuma maimakon ya ci shafe sai ya koma cin dutsen kansa, wata rana ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga, in ka ɓare simintin ya taho da fuskar dutsen gaba ɗaya bayansa kuma gari ne. Na sha gani da idona, wallahi abin yana min ciwo, domin yawanci mutumin da ya yi da kyakkyawar niyya ya yi, kuɗinsa ya kashe yana ganin gyara yake. Fentin mai da tayil ɗin bango duk hukuncinsu ɗaya da siminti.

Akwai abu na biyu da danshin da aka kulle yake kashewa. In ka tsaya a layin Alawi ka ɗaga kai zaka ga layukan katako a kwance cikin bango, kusan duk bayan mita ɗaya, suna zagaye gidan kamar ɗamara. Sunansu takalil. Dutse mai laushi da laka ba zasu iya ɗaukar bene huɗu ko biyar su kaɗai ba, katakon ne yake raba nauyin daidai, in ƙasa ta ɗan zauna ta gefe ɗaya ya riƙe bangon kar tsagewa ta tafi daga ƙasa har sama. Shi yasa zaka ga gida ya karkata amma yana tsaye. Kuma saboda su magini yana iya tokare layi ɗaya ya zare ruɓaɓɓun duwatsun da ke ƙarƙashinsa ya sa sabbi ba tare da an rushe komai ba. Duk wanda ya san ginin tubali na Kano ko Zariya zai tuna azara, yadda ake binne ta a bango da rufi, tunani ɗaya ne, can giginya ce ta bayar nan kuma jirgin ruwa ne ya kawo. Rufin ɗakuna ma da sandunan gandal ake yi, itacen bakin teku da ake shigo da shi, tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, shi yasa ɗakunan zaka gansu dogaye amma ba faɗi.

Maganar shekara 500 kuwa a raba ta biyu. Garin kam ya wuce haka nesa, tun zamanin Sayyidina Usman bin Affan, shekara ta 26 bayan hijira, aka mai da Jidda tashar jiragen Makka a maimakon Shu'aiba. Ganuwar da ta zagaye shi an yi ta wajen 1509 zamanin Sarkin Misira Ƙansu al-Guri saboda tsoron Turawan Fotugal, kuma sun zo ɗin a 1517 basu samu shiga ba. Hasumiyar masallacin Shafi'i ma ta girmi gidajen da ɗaruruwan shekaru. Amma dogayen gidajen nan masu katako da kake gani, mafi yawansu na ƙarshen ƙarni na 19 ne da farkon na 20. Dalili kuwa kuɗi ne, an buɗe mashigin Suwes a 1869, jiragen ruwa masu inji suka yawaita, alhazai suka ƙaru, fatauci tsakanin Indiya da Misira da Turai ya bi ta nan, attajirai suka samu abin gini da katakon da za'a yi shi. Fili kuma babu, ganuwa ta matse gari, sai aka tafi sama. Filin gidan da titin na iya zama tsofaffi sosai, ginin da ke kai ne aka sha sabuntawa, dutsen mangabi ba mai daɗewa bane in ba kulawa.

Misali mafi kusa da kai shine gidan Nasif, nan kan layin Alawi da kake wucewa. An gina shi tsakanin 1872 da 1881 wa Umar Nasif wanda shine wakilin Sharifin Makka a Jidda. Da Sarki Abdul'aziz ya shiga Jidda a watan Disamba 1925 a nan ya sauka. Bishiyar da ke ƙofarsa darbejiya ce, wannan dai tamu da wasu ke cewa dogon yaro ko maina, kuma a lokacin da ruwa ke da tsada a garin bishiya abin mamaki ce har gidan ya yi suna da gida mai bishiya. In ka samu dama ka shiga ka lura da matattakalar, faɗi gareta kuma hawanta a kwance yake ba tsayi, ana cewa don raƙumi ya iya hawa da kaya zuwa sama aka yi ta haka. Jikan Umar Nasif, Shehu Muhammad Nasif, malami ne mai tara littattafai, dubbai ya tara a gidan.

Yanzu katakon taga. Sunansa roshan, jam'i rawashin, kuma a nan ne nake so ka ɗan tsaya domin mutane da yawa hoto kawai suke ɗauka su wuce. Zafin Jidda ba irin na Katsina bane mai bushewa wanda in ka shiga soro mai kaurin bango ka rufe ƙofa ka huta. Nan laima ce, ruɗuba, gumi baya bushewa sai iska ta taɓa jikinka, saboda haka gidan da ya rufe kansa azaba ne. Roshan yana turo kai waje daga bango don ya kama iskar da ke bin layi ta gaba da ta gefe biyu, yana da ƙananan marufai da ake ɗagawa ko a sauke gwargwadon rana, da saƙar katako da ake cewa mangur wadda ke tace haske ta bar iska. Daga ciki kuma dakali ne sosai mai katifa da matasai, mutum ya zauna ko ya kwanta a ciki, mata suna ganin duk abinda ke faruwa a layi babu mai ganinsu. A nan ake jera tulunan ƙasa, sharba, iska ta bi ta kansu ruwa yayi sanyi kamar na randa. Har bangon ma yana amfana, don roshan ɗin da ya taso daga bene na ɗaya har sama inuwa yake masa, kuma ya rage nauyin dutse a wajen. Katakon mai kyau daga Indiya da Jawa ake kawo shi shi yasa ake cewa jawi, yana jure laima da gara. Ado yana ciki tabbas, mai kuɗi da yawan sassaƙar roshan ɗinsa ake gane shi, amma aiki ne ya kawo shi.

Iskar da ake nema ta arewa ce, shamal. Ta kudu da suke kira azyab zafi da ƙura take kawowa. Shi yasa Haratul Sham da ke arewacin gari ta zama unguwar manya da ofisoshin jakadun ƙasashen waje, sauran unguwannin sune Mazlum da Yaman da Bahar. Bab Sharif ɗinku ɓangaren kudu ne.

Wani abu da ke ba Bahaushe mamaki in ya shiga, babu tsakar gida. Daga ƙofa sai dahliz wanda shine zaurensu, gefensa mag'ad inda maigida ke ganin baƙi maza, iyali suna sama, sai can ƙoli akwai kharja, fili ne mara rufi mai katanga da huji-huji, a nan ake shanya a nan ake kwana lokacin zafi. Tsakar gidan ce aka ɗauke aka kai sama. A ƙarƙashin manyan gidaje kuma akwai sahrij, rijiyar tara ruwan sama da ke gangarowa daga rufi.

Ka riƙe maganar ruwan nan don ita ce ta dawo damu kan bangonku. Gidajen an yi su ne lokacin da ruwa a salka da garwa ake kawo shi ana auna shi. A 1947 aka jawo ruwan Aziziyya daga Wadi Fatima, a shekarar kuma aka rushe ganuwa, masu gidajen suka fara fita zuwa Bagdadiyya da Sharafiyya da Ruwais suna gina na kankare, tsofaffin aka bar wa 'yan haya. Aka huda bango aka sa famfo, aka yanka ɗaki aka yi banɗaki a kan rufin gandal, aka cusa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a cikin roshan yana ɗiga dare da rana a jikin dutse. Ana yawan ɗora wa 'yan haya talakawa laifin lalacewar Balad, ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, gidan da aka kulle aka tafi yafi saurin faɗuwa akan wanda mutane ke ciki suna buɗe taga suna ganin yoyo da wuri. Kuma mutanenmu ba baƙi bane a tarihin wajen nan, tun 1814 Baturen nan Burckhardt ya tarar da takari a Jidda suna dako suna sayar da itace suna saƙa tabarma, daga baya akwai unguwar bukkokinsu a bayan ganuwa ta kudu da ake kira Nakatu. Bukka bata barin kufai irin na dutse, shi yasa babu allo da sunansu yau, abin yana taɓa ni duk sanda na bi ta wajen.

Kula da wajen ya fara da gaske zamanin shugaban baladiyya, wato magajin garin Jidda, Muhammad Sa'id Farisi wanda ya sa aka ƙirga gidajen aka hana rushe su, UNESCO ta sa Balad cikin kayan tarihin duniya a 2014, a 2019 kuma aka ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da suka kusa faɗuwa. Yanzu yankin yana ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, in gidanku yana cikin iyakar da aka kare ba'a taɓa gininsa sai da izini, kaga simintin maƙwabci zai iya jawo maka magana da kai da mai gidan bayan ɓarnar.

Abinda zaka yi a hannunka shine ka fara neman inda ruwa ke fitowa. Sa tiyo a mukayyif ruwan ya tafi bokiti ko magudana kar ya taɓa bango, duba famfon banɗaki da na kicin musamman wanda ke bayan bangon da ke zubar, janye kabad da katifa daga jikinsa kamar taƙi ɗaya iska ta ratsa, a riƙa buɗe tagogi safe da yamma. Garin da ya zube a share a fitar waje don gishiri ne, kar a wanke bangon da ruwa. Ka ɗauki hoto ka tura wa mai gida ka nemi a kawo mu'allimi, wato ƙwararren magini, wanda ya san aikin nura, ba mai bulo ba. Wayoyin lantarki ma a duba, gobara ta ci gidaje da yawa a Balad kuma busasshen katako baya jira. In akwai tsagewa ka ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata ka riƙa dubawa duk sati. In ka ga ta wuce layin, ko ƙofa ta fara cijewa bata rufuwa, ko daɓen bene ya lotsa a tsakiya, ko garin katako na zubowa daga takalil da sandunan rufi, toh ka kwashe su Hajiya da yara daga ɗakin a ranar, ka kai rahoto ofishin Jidda ta tarihi ko baladiyya su turo injiniya ya duba kafin kowa ya sake kwana a ciki.