Hannuna na rawa in ina zane, wace manhaja ce za ta taimaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗinka barguna na haɗe-haɗen ƙyallaye, amma duk adon da nake sawa na wasu nake kwafa, don hannuna na rawa in na zo zana nawa. Akwai manhajar da za ta taimaka? Wayata Android ce.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Akwai ibisPaint X da Sketchbook, kuma kowace tana da saitin da ke miƙar da layi idan hannu ya girgiza. Sai dai shawarata, ki kashe shi lokacin koyo. Keken ɗinki ba shi da wannan saitin. Ranar da kika sa bargo ƙarƙashin allura kina juya shi, abin da hannunki ya iya ne zai fito.

Abin da zai yi miki magani shi ne zanen bin gefen abu. Ki ajiye almakashi a gabanki. Ido ya riƙa bin gefensa a hankali kamar tafiyar tururuwa, alƙalami na biye da ido, ba ɗagawa, ba leƙen abin da kike zanawa, har minti 5. Wani malamin zane a Amurka, Kimon Nicolaïdes, ya yi fice da wannan atisaye a littafinsa da ya fito a 1941. Zanen farko zai ba ki dariya: zoben almakashin ɗaya ya kumbura, ɗayan ya tsuke, bakin ya tafi wani wuri daban. Ki bar shi haka, kada ki taɓa maɓallin gogewa. Layi ɗaya da ba ya yankewa kike koya wa hannu, kuma haka zare yake tafiya.

Gaskiya ma, takarda da biro sun fi waya a nan. Gilashin waya ƙarami ne ga santsi, kuma alƙalamin nan mai bakin roba ba ya gane ƙarfin dannawa. Ki bar wa waya aikin ƙirga lokaci da ɗaukar hoton zanen kowace rana, ki gwada na yau da na watan jiya.

Tambaya: Na zana fure a takarda, yaya zan mayar da shi samfurin yanka ƙyalle?

Amsa: Ka bi layin da baƙin alƙalamin maka, ka ɗauki hoto daga sama tsaye, wayar ba a karkace ba. A kwamfuta ka buɗe shi da Inkscape, kyauta ce, ka zaɓi Trace Bitmap. Zai zama layin da za ka ƙara wa girma ba tare da ya dushe ba.

Wajen bugawa ake yawan yin asara. Ka sa girman a 100%, kada firinta ta daidaita shi da takarda. Ka zana murabba'i mai inci 1, wato santimita 2.54, a gefen furen cikin Inkscape, ka auna shi da rula bayan bugawa. In ya yi daidai, sai ka ƙara kwatan inci a kewaye domin ɗinki kafin ka sa almakashi.