Jelar kifin betta na cinyewa: a gyara ruwan kafin a nemi magani

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce kifin betta ne, ɗan kifin adon nan mai doguwar jela, kika saya wa yaronki wata biyu da suka wuce, yana cikin ɗan kwanon gilashi mai zagaye da bai wuce lita biyu ba. Tun da sanyi ya shigo jelarsa take gutsurewa, gefenta ya yi baƙi, ya rage cin abinci, kullum yana kwance a ƙasa. Wanda ya sayar miki ya ce ki ɓare kafso ki zuba a ruwan, shi ne kike tambaya wane kafso ya fi.

Don Allah kada ki zuba ko ɗaya tukuna. Yau shekarata takwas ina ajiye irin wannan kifi a Kaduna, kuma na farkon da na saya, wani shuɗi mai jela kamar mayafi, haka ya mutu a hannuna. Cikin kwalba yake, sai in ga ruwan ya yi gurɓi sannan in canja. Da jelarsa ta fara cinyewa aka ba ni irin shawarar da aka ba ki, na bi. Ruwan ya koma rawaya, ya yi kumfa, kwana huɗu na tashi da asuba na tarar da shi a kife. Abin ya daɗe yana damuna, domin daga baya na gane maganinsa yana cikin bokitin da ke ƙofar ɗakina, wato ruwa mai tsabta.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwayoyin cutar da ke cin jelar kifi suna nan a cikin kowane tanki, har na wanda kifinsa ke cikin ƙoshin lafiya. Ba sa iya masa komai sai jikinsa ya yi rauni, kuma abu biyu ne suka fi raunana betta: ƙazamin ruwa da sanyi. Naki ya haɗa duka biyun.

Kifi yana fitar da wani guba da ake kira amoniya, ta kashinsa da kuma ta numfashinsa. Ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe shi ma amoniya yake zama. Ba ta da launi, shi ya sa za ki ga ruwa garau kamar a sha, alhali yana ƙona fatar kifin. Wurin da ya fi laushi a jikinsa shi ne bakin jela da fiffike, don haka nan ne ake fara gani. A lita biyu, kwana biyu ko uku sun isa gubar ta taru. Duk mai kiwon tarwaɗa ya san wannan karatun, shi ya sa ba ya wasa da sauya ruwan kwatami, sai dai tarwaɗa tana da juriyar da betta mai doguwar jela ba shi da ita.

Masu sayarwa suna yawan cewa ai kifin nan a ɗan kududdufi yake rayuwa a ƙasarsu, kofi ma ya ishe shi. Asalinsa daga Tailan ne da maƙwabtanta irin su Kambodiya, a fadamun shinkafa da ruwaye marasa zurfi. Can suna kiransa pla kat, wato kifi mai cizo, kuma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Gaskiya ne ruwan ba zurfi, amma fadamar shinkafa faɗi gare ta, cike take da ciyayi, kuma ɗumi ne da ita. Gaskiya ne kuma Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai da yake shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, shi ne kike ganin yana tasowa yana ɗan haɗiyar iska. Wannan baiwar ce take sa ya daɗe bai mutu ba a ruwan da zai kashe wani kifin cikin kwana ɗaya, sai mutane su ɗauka daɗi yake ji.

Kafin komai ki zauna kusa da shi da tocila ki duba jelar da kyau, domin ba kowace yagewa ce ciwo ba. In gefen ya yi baƙi ko fari-fari ko ja, ya yi kamar takardar da wuta ta lasa, kuma kullum yana ƙara matsowa, wannan ruɓewa ce, kuma yadda kika kwatanta na fi zaton ita ce. In kuwa tsagewa ce a miƙe kamar an ja almakashi, ba wani launi a bakin, to wani abu ne ya kama ta. Furannin roba da ake sayarwa tare da kwanon su ne manyan masu laifi. Ni ina gwada kowane kayan ado da tsohuwar safa mai laushi ko gefen gyale: in na goga ya sarƙe, ba zai shiga tankina ba. Na uku shi ne kifin ya ciji jelarsa da kansa. Wannan ya fi faruwa ga masu babbar jela mai buɗewa kamar rabin wata. Za ki kwanta jela lafiya lau, ki tashi ki ga an gutsure manyan loma, bakin wurin tsaf. Ina da wani ja da ya yi mini haka sau uku, sai da na lura ruwan da filta, wato na'urar tace ruwan tanki, ke turowa ne ya yi masa ƙarfi, jelar tana yi masa nauyi. Da na rage ƙarfin ya daina. Akwai kuma nau'in da jelarsu dama tsinke-tsinke take kamar mataji, haka halittarsu take, kada wani ya tsorata ki da su.

To, abin yi a yau. Ki samo sabuwar roba mai faɗi ko bokiti mai haske wanda sabulu ko omo bai taɓa shiga ba, mai cin kamar lita 15 zuwa 20. In kina son ki kwatanta, jarkar nan ta 'yan garuwa lita 25 ce, kusan cikinta ake nema. Tankin gilashi mai lita 20 shi ne daidai in hali ya samu, amma kifi bai san gilashi ba, yawan ruwa ya sani. Ki tara ruwan ya kwana. In na famfo ne akwai kilorin a ciki, kuma kilorin yana ƙona kifi. Kwana ɗaya a buɗe yana fitar da shi, sai dai wani nau'in da ake haɗawa da amoniya ba ya fita da ajiya, don haka ɗan ruwan maganin kashe kilorin da masu kayan kifi ke sayarwa shi ne abu ɗaya da nake cewa kowa ya saya. Ƙaramar kwalba tana yi mini wata da watanni. Ni ruwan burtsatse nake amfani da shi, shi ma ina barinsa ya kwana a ɗakin da tankin yake don zafinsu ya zo ɗaya.

Kada ki kamfato kifin ki jefa a sabon ruwa kai tsaye. Ki sa shi a kofi da tsohon ruwansa, ki ɗora kofin yana yawo a kan sabon, duk minti biyar ki ƙara masa cokali biyu ko uku na sabon ruwan. Bayan rabin awa ki sake shi. Daga nan, mako biyun farko, ki riƙa kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum ko bayan kwana ɗaya kina mayar da sabo, kina zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo. In har dole sai ya ƙara kwanaki a kwanon nan kafin ki samu roba, ki canja rabin ruwan kowace rana. Ki rufe saman da murfi mai huji ko raga, domin betta yana tsalle, amma ki bar tazara tsakanin ruwa da murfi don ya samu iska.

Sanyi kuwa, nan ne yawancinmu muke asara, musamman daga Disamba zuwa Janairu. Betta yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 28, ni a 26 nake tsayar da nawa. Wata safiya cikin hunturu na tsoma ma'aunin zafi a tankin da ke falo na ga 19. Kifin yana manne a lungu, fiffikensa a tsuke kamar an naɗe lema, launinsa ya koɗe. Ƙaramin ruwa ya fi saurin hucewa, don haka kwanonki da asuba zai yi ƙasa da haka. Hitar tanki mai wat 25 ta isa lita 20, ki nemi wadda take kashe kanta in zafi ya kai. Na san matsalar wuta. Abin da nake yi in an ɗauke da dare shi ne in lulluɓe tankin da bargo, in cika gorar roba da ruwan ɗumi in rufe ta sosai in sa ta tana yawo a ciki. Kada a zuba ruwan zafi kai tsaye. Ki kuma ɗauke shi daga jikin taga da bakin ƙofa. In bazara ta zo labarin zai juya, ruwa ya haura 30. A lokacin fanka mai busa saman ruwa ta wadatar, ba a jefa ƙanƙara.

Gishiri yana taimakawa, amma da awo. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga kowace lita 4, a narkar da shi a kofi kafin a zuba, kuma kada a wuce kwana 10. Wanda ake sayarwa don tankin kifi ya fi, domin ba a haɗa shi da komai ba. Gishiri ba ya bin tururi ya fita, saboda haka in kin canja lita 4, na lita 4 ɗin kawai za ki mayar. In ciwon bai yi nisa ba ni ba na ma sa shi.

Abin da nake sawa kullum ganye ne, kuma kyauta ne. Kin san bishiyar almond ɗin nan da ake shukawa a harabar makarantu da asibitoci don inuwa, mai manyan ganye da suke yin ja kafin su faɗo, wadda yara ke fasa ƙwallonta da dutse su ci? Busasshen ganyenta shi ne masu kiwon betta a Tailan suka daɗe suna amfani da shi, Turawa kuma da kuɗi suke sayensa a leda. Ina tsintar waɗanda suka faɗo da kansu suka bushe, nesa da titi da inda ake feshi, in ɗauraye in jefa rabin ganye a lita 20. Ruwan zai koma kalar shayi marar madara, kada ki damu, irin ruwan da ya fito daga ciki ke nan. Nawa suna son kwanciya a ƙarƙashin ganyen, namijin har ya tara kumfarsa a wurin.

Abinci, ƙwaya uku ko huɗu da safe, haka da yamma, na betta, domin shi macin ƙwari ne. Ban da burodi, ban da biskit. Ki ja kunnen yaron da 'yan'uwansa a kan wannan, don yara saboda ƙauna suke zazzaga abinci, ragowar kuma ita ce gubar gobe. Abin da bai ci ba cikin minti biyu a kwashe. In ya ƙi ci kwana biyu ko uku a wannan hali ba zai mutu ba, da ruwa ya yi ɗumi zai nema da kansa. In kika ga tsutsar sauro a wani ruwa mai tsabta a gida, ki tace ki ba shi, babu abin da yake so kamarta.

Da na ambaci sauro: maganin feshi da na kunnawa suna kashe kifi ko da kaɗan ne, kuma betta daga saman ruwa yake shaƙa. Duk daren da za a yi feshi a fitar da shi daga ɗakin, ko a rufe tankin ruf a kashe famfon iska, wato ɗan injin da ke hura iska cikin ruwan, har warin ya fita. Ni ko turaren wuta ba na bari a yi kusa da nawa.

In kin tashi sayen filta, ki sayi ta soso mai aiki da famfon iska, ita ce ba ta wahalar da mai doguwar jela. Amfaninta ya wuce tace datti. A cikin soson wasu ƙwayoyin halitta masu amfani suke zama suna cinye amoniya suna mayar da ita abu mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Shi ya sa ba a wanke soson da ruwan famfo, a cikin tsohon ruwan da kika kwashe za ki matse shi. Bayan sun kafu, canjin kashi ɗaya cikin huɗu sau ɗaya a mako ya isa. Wannan ma wani dalili ne na guje wa kafson mutane: ba a san awonsa ba, kuma yakan kashe waɗannan masu amfanin ya bar ki da ruwa mafi muni.

Akwai inda magani yake zama dole. In kin yi mako guda kina wannan kulawa amma cinyewar ba ta tsaya ba, ko ta kai gindin jela ta fara taɓa jiki, ko kika ga wani fari kamar auduga a baki ko a baya, to lokacin maganin ƙwayoyin cuta na kifi ya yi, irin mai kanamaisin, kuma gara ki tuntuɓi likitan dabbobi ya faɗa miki awo. Mai kama da audugar nan tana da sauri ƙwarai kuma zafi yana ƙara mata gudu, don haka in ita ce a sauke hita zuwa 24.

Alamar sauƙi ta farko ita ce baƙin gefen ya daina matsowa. Bayan mako biyu ko uku za ki ga wani siririn abu garau kamar ledar burodi yana fitowa a bakin jelar. Mutane da yawa suna ganinsa su firgita su ce ciwon ne ya dawo, alhali sabuwar tsoka ce, launi daga baya yake biyowa. Cikar jelar takan ɗauki wata biyu ko fiye, wani lokaci ta fito da ɗan lanƙwasa. Ki ɗauki hotonsa yau, ki sake ɗauka duk bayan kwana uku daga gefe ɗaya, don ido yana mantuwa. Ki sa yaron ya zama shi ne mai duba ma'aunin zafi kowace safiya kafin ya tafi makaranta, ya rubuta lambar a takarda. In an kwana bakwai ki turo mana hotunan da lambobin mu duba tare. Allah ya ba shi lafiya.