Kambas: daga Converse ne ko daga wani wuri?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto: "Malam, mun yi musu da abokina. Shi ya ce kalmar kambas daga sunan kamfanin Converse ta fito, ni kuwa ban yarda ba. Wa ke da gaskiya?"

Malam, kai ne da gaskiya, amma kada ka yi wa abokinka dariya, don kunnensa bai yi ƙarya ba. Kambas daga canvas take, wato yadin nan mai kauri da ake yin tanti da shi. Masu Turanci a Najeriya ne suka fara kiran takalmin da sunan yadinsa, mu kuma muka ara. Hausa ba ta da sautin v, sai ta mayar da shi b, kamar yadda ta yi a direba da talabijin. Shi kuma n idan ya gamu da b yakan koma m. Faɗi "gidan Bala" da sauri, ka lura da leɓɓanka: "gidam Bala" ka ce. Haka kanbas ta zama kambas.

A nan ne karin maganar nan ta zauna daidai: kama da wane ba ta wane. "Wane" sunan da ake sakaya mutum ne, ma'anar kuwa ita ce kamanni ba ya mayar da kai wanda ka yi kama da shi. Kalmomi ma haka suke.

Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne takalmin Converse da ya fi shahara na yadin kambas ne. Marquis Converse ya kafa kamfanin a 1908 a Malden, jihar Massachusetts ta Amurka, yana yin takalman roba. A 1917 suka fitar da na 'yan ƙwallon kwando: sama yadi, ƙasa roba, wuyansa ya rufe idon sawu. Chuck Taylor, ɗan wasa ne da ya zama ɗan tallan kamfanin, ya yi ta zagaya makarantu yana koyar da wasan yana kuma sayar da takalmin, har a shekarun 1930 aka sa sunansa a zagayayyen tambarin nan mai tauraro. Duba naka, tambarin yana ta cikin ƙafa ne, don asalinsa kariya ce ga ƙashin idon sawu.

Daga shekarun 1970 'yan wasa suka koma takalman fata, sai mawaƙa da ɗalibai suka ɗauka, wasu ma sun fi son sa idan ya koɗe. Nike ta sayi kamfanin a 2003.

A bakin Bahaushe kuwa kalmar ta bar yadin tuni. Je ka wajen 'yan gwanjo ka ɗaga na fata zalla, mai kaya zai ce maka, "Wannan kambas ɗin dubu nawa ka saya?"